Injin Saƙa Fure da Gugguru

Yaya Wasuki,

Ina gaishe ki daga Koyambatur. Yaya yara, yaya yatsun Inna? Har yanzu suna kumbura in ta wuni tana ɗaura furen yasmin a zare, na adon gashin mata?

Albishirinki, injin ɗaura furen da nake haɗawa ya tashi. Da mushen keken ɗinki da na'urar da ke juya tsohuwar fanka na haɗa shi, don maƙerin da na fara zuwa wurinsa ya yanka mini kuɗin da sai na sayar da gonarmu. Abin da ya kusa karya ni shi ne furen gwaji. Kullum in sayo, inji ya dagargaza shi.

Rannan dattijo Karuppan, mai shagon da nake kwana a ciki, ya ce, "Kai, angon ƙarfe, amaryar taka kullum sai sabon fure? Ba ta guggurun shinkafa mana, ai girmansu ɗaya."

Da gugguru na ƙarasa gwajin. Wanda inji ya fasa, ni nake cinyewa, don haka kada ki damu da cikina. Wandona ya ɗan yi mini yawa, shi ke nan.

Jiya na gwada da fure na gaske, ya ɗaura kamu goma bai ƙuje ko ɗaya ba. Karuppan ya daina dariya, ya shafa wa injin jan garin sa albarka a goshi.

Ki aiko mini da irin zaren Inna, na nan yana tsinkewa. Kada ki gaya mata komai tukuna. Shekara talatin tana ɗaura wa matan wasu. Zaren furen farko na injin nan a gashinta za a sa.

Ƙaninki,
Mugilan