Garinku Ya Kashe Saniyar Amana

Zuwa ga Shugaban shirin gwajin garin abincin shanu a ƙasar Kazaure.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na rubuto a fili ne domin sau uku ina zuwa ofishinku ana ce mini ka fita.

Ni makiyayi ne a wani ƙauye na Roni, kuma na yi makaranta daidai gwargwado. Da rani ma'aikatanka suka zo mana da gari a buhu, na bagaruwa da wasu ganyaye. Suka ce iskar da saniya ke fitarwa in tana tuƙa tana ƙara zafin duniya, garin nan kuma yana rage ta. Ban yi musu ba. Zafin muna jin sa a jikinmu, rijiyarmu ma ta ja baya. Na karɓa da hannu biyu.

Na farko: sun ce ludayi ɗaya ga kowace saniya, a cikin dusa. Shanuna tara, sai na zuba ludayi tara. Amma mu a kwami ɗaya muke zuba dusa, tun kakanni. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san uwar garke ce ke fara sa baki, sauran sai ta ƙoshi. Babu wanda ya tambaye ni yadda nake ciyarwa, babu wanda ya tsaya ya ga an ci ko sau ɗaya. Hoto suka ɗauka da buhun, suka hau mota.

Na biyu: kullum uwar garken tana cinye rabon shanu huɗu ko biyar. Ta daina tuƙa, kashinta ya bushe, ta rame ina kallo. Na kira lambar da aka bar mini, aka ce rashin sabo ne, zai wuce. Ranar da na gane da kaina na daina zuba garin, aikin gama ya gama. Ta mutu da ciki wata bakwai.

Na uku, kuma shi ya hana ni sakewa: ba tawa ba ce. Ta yayata Dije ce, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ita kaɗai. Ta kawo mini riƙo don ta yarda da ni. Yanzu na ji rahotonku ya ce sakacin makiyayi ne. Wallahi wannan kalma ta fi mutuwar ƙona mini rai. Na bi umarninku ne sak, shi ne laifina.

Ina roƙon abu uku. Ku goge wannan kalma. Kafin ku kai wannan garin abincin Gwiwa da Babura, kamar yadda na ji kuna shiri, ku aiko wanda zai tsuguna bakin kwami ya kalli yadda shanu ke ci. Sannan wani daga cikinku ya je ya yi wa Yaya Dije bayani da bakinsa.

Da na kai mata labari ba ta zage ni ba. Ta ce in ba ta igiyar saniyar kawai. Igiyar tana nan rataye a ɗakinta, ni kuwa tun ranar ban iya shiga gidan ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare ka da riƙon amanar da za ta mutu a hannunka.

Wassalam,
Buba, ƙanin Dije, daga Roni.