Jarkar da Ba Mai Ita

Siddiƙa,

Na tafi unguwar Gwange gaisuwar rasuwa, ban tashe ki ba. An yi ruwa da asuba. Na bari na farko ya wanke kwanon rufi, sannan na jawo duro ƙarƙashin indararo, yadda yayanki Mikail yake yi mana. Ko rabi bai kai ba, sai baho biyu. Na duro na sha ne da girki, na baho na alwala. Wanki ya jira.

Ko ruwan ya ƙare, kada ki je layin famfo. Jiya na ga wata jarka rawaya a layin, an ɗaure bakinta da waya, kowa ya ce ba tasa ba ce. Na faɗa wa 'yan kato da gora, suka kawar da ita. Ɗazu na leƙa, na hango wata a wurin. Irinta aka ce an gani kafin bam ya tashi a layin, ranar da Mikail ya je ɗebo mana ruwa bai dawo ba.

Ke kaɗai kika rage mini. Gara in dawo in same ki da ƙishirwa.

Innarki