Inna a Bakin Ƙofar Kicin

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu ma nan lafiya lau.

Baba na nan yadda kika bar shi. Da ya ci abinci sai ya sa a kunna masa bidiyon aurenki, ya jawo kujera har gwiwarsa na gugar tebur. Kin san ba ke yake kallo ba, balle angon. Wurin nan yake jira da mai ɗaukar hoto ya juya, aka hango Inna tsaye a bakin ƙofar kicin, cikin inuwa, da tire a hannu. Duk duniya nan kaɗai muke da ita tana motsi, Allah ya ji ƙanta.

Talabijin ɗin ce ta koɗe. Baƙinta ya koma toka-toka, fuskar Inna sai ka ce hayaƙi. Baba bai yi ƙorafi ba, amma ina mai gyaran kayan lantarki a ce a gidanmu ake kallon wannan, da kunya. So nake ya ga fuskarta sosai tun idonsa na da sauran ƙarfi.

Tsohuwar kwamfutarki da ke ƙarƙashin gado ba ta tsinana wa kowa komai. Zan zare gilashin fuskarta in sa a bayan na talabijin. Idan haske ya bi ta gilashi biyu, baƙi zai yi baƙi, fari ya fito fes. Ba izini nake nema ba, na riga na kwance ta.

A gaida yara.

Ƙanenki,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin ƙaramar? Allah ya ƙara sauƙi.

Aiki ya yi. Gilashin ya ƙi zama sai da na yanke marfin baya na liƙe shi da gam mai ƙarfi. Maƙwabcinmu tela ya leƙo, ya rantse sabuwa na sayo. Rigar mijinki ta fito fari tas, har miyar da ta ɗiga masa a hannun riga mun gani, wadda ya yi shekara da shekaru yana musu.

Sai mai hoto ya juya wajen kicin. Ƙofar ta zama baƙi ƙirin. Ashe koɗewar nan ce take fito da abin da ke cikin inuwa. Yanzu babu Inna, sai ƙyallin tire yana tafiya shi kaɗai.

Baba ya sa na mayar baya, na sake mayarwa. Ya tambaye ni ko wani bidiyon na sa, na ce shi ne.

Na murɗa duk abin da ake murɗawa, ba ta dawo ba. Idan na ɓamɓare gilashin, duka biyun za su tsage. Na nuna masa a waya, tana nan, amma idonsa ba ya kama ƙaramin hoto. Abin ya yi mini ciwo, Yaya, ban taɓa jin haushin hannuna irin wannan ba.

Ki tambaya mini a unguwarku ko wani na da tsohuwar talabijin da ta koɗe, wadda ake shirin zubarwa. Kada a gyara ta, haka nake so.

Kafin nan Baba bai fasa ba. Yana jawo kujerarsa kamar kullum, ya zauna har tiren ya wuce, sannan ya ce a kashe.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Auta