A Dawo Mana Da Gyaɗarmu, A Sauke Allon Nan

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Masallacin Juma'a na garinmu, Alhaji Garba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da ɗawainiyar jama'a, ina gaida Malam Liman da sauran dattawan kwamiti. Ya iyali, ya haƙuri da wannan zamani?

"Malama Hajara, muddin ina kan kujerar nan, gyaɗar gonar masallaci ta mata ce. Babu mai ɓare ta sai hannunku, babu mai taɓa muku ɗakinku." Maganarka ce wannan, ranka ya daɗe. Ka faɗe ta ranar da aka ɗora ka, a ƙofar ɗakin, hularka a karkace don murna, bakinka cike da gyaɗar da ka ɗiba a faifaina ba ka tambaya ba. Gyaɗar na yafe. Maganar ce ban yafe ba.

Na aika maka, na je da ƙafata, kullum sai a ce ka shiga Kano. Shi ya sa na rubuto a fili, na sa 'yata ta tura wa 'yan garinmu ta waya, har da mazauna Kano, na Bacirawa da Rijiyar Zaki, waɗanda sai da Sallah muke ganinsu. Saboda su zan fara da bayanin ɗakin, ko da yake na lura kai ma da kake wuce shi sau biyar a rana kana bukatar bayanin.

A bayan masallaci akwai tsohon ɗakin ƙasa. Masallaci yana da gona ta waƙafi, maza su noma gyaɗa da gayya, mu mata mu ɓare. Duk Laraba, daga kaka har zuwa shuka, muna haɗuwa a ɗakin nan daga hantsi zuwa azahar. Kun sha yi mana dariya a dakali, wai babu masu nawar aiki irinmu, gyaɗar da za a gama a sati biyu sai mu kai ta bakin damina. To yau zan gaya muku: da gangan ne. Tattalinta muke yi kada ta ƙare.

Dalili kuwa, macen garin nan ba ta cewa mijinta ko surukarta za ta je ta faɗa wa wata damuwarta. Amma idan ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta ɓarar gyaɗar masallaci, sai a ce Allah Ya ba da lada, a sa mu a addu'a. Ta wuce ta gaban kowa kanta a sama. A ciki kuma, hannu yana aiki, ido yana kan faifai, babu mai kallon fuskar wata. Wadda abu ya cika wa ciki sai ta fake da cewa wurinta da rana, ta ja tabarmarta ta matso kusa da ni. A nan, ƙasa-ƙasa, cikin ƙarar ɓawo, ake gaya mini abin da ba a gaya wa uwa ba. Ni ba likita ba ce, ba alƙali ba. Ina saurare, ina tunatarwa da abin da na karanta, wani lokaci kuka kawai muke yi tare hannu bai tsaya ba. Abin da ya fi ƙarfina in raka mai shi asibiti, ko in kai wa Malam Liman ba tare da suna ba. Cikin masu zuwa, yawancinsu gyaɗar ce da hira suka kawo su, kuma su ne rufin asirin sauran. Babu wanda ya san wace ce wace. Dukan hikimar ke nan.

Kada wani ya zaci ɗakin makoki ne. Wallahi a shekarun nan da hatsi ya fi ƙarfin mai noma shi, taki ya zama abin kallo, samari suka watse kudu neman abin kai wa baki, babu inda ake dariya a garin nan kamar ɗakin gyaɗa. Ka tambayi Inna Kande, wadda ta ce in ban sa sunanta a takardar nan ba kada in ƙara gaishe ta. Shekarar da mijinta ya rasu, ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya, ta zo mana kamar kara, ba ta amsa ko sallama. Yau ita ce gangarmu. Da ta hango wata ta ja tabarma zuwa wurina, sai ta ɗaga murya ta fara labarin yadda jakin marigayi ya kai shi gidan tsohuwar budurwarsa alhali kasuwa ya nufa. Mun ji labarin nan har mun haddace, kullum kuma jakin ƙara wayo yake yi. Ɗaki ya ɗauki shewa, ni kuma a kusurwa ina jin abin da ya kamata in ji. Babu wanda ya ba ta wannan aiki, ita ta naɗa kanta. Na ga maƙwabta biyu da suka daina gaisawa a kan iyakar gona, na haɗa su a buhu ɗaya, kafin azahar suna faɗa a kan wa ta fi cin gyaɗar masallaci. Akwai gidajen da kuke yaba zaman lafiyarsu a huɗuba, a kan faifai aka ɗinke su. Ina son aikin nan, Alhaji. Laraba da asuba nake tashi da waƙa a bakina kamar yarinya.

Sai ka tafi bita Kano ka dawo da ci gaba. Ga abin da ci gaban ya yi mana.

Na ɗaya, inji. Ka ce mata sun gaji, a hutar da su, ka loda gyaɗarmu a kura aka kai wa injin ɓara. Wace mace ce ta zo ta ce maka ta gaji? Kun zauna ku maza zalla kun tausaya mana, ko ɗaya cikinmu ba ku aiko an tambaya ba. Inji ya gama da yamma ɗaya abin da muke lallaɓawa rani guda, kuka yi ta tafi. To ku sani abin da kuka ɓare ba gyaɗa ba ce kaɗai, dalilin fitowar mata ne daga gida. Abin da ya rage yanzu buhunan iri ne da ke kulle a sitonka, kuma na ji su ma ka yi musu alkawarin inji.

Na biyu, allo. Ka ce aikina ya cancanci a san shi, ka ɗauko mai fenti tun daga birni, ya rubuta da jan fenti a saman ƙofarmu, harafi kamar kan yaro: OFISHIN SAURARON MATSALOLIN MATA. Ƙofar nan kuwa, kamar yadda ka sani, tana kallon dakalin da ke gindin darbejiya, inda majalisarku take zama daga hantsi har inuwa ta juya. Ranka ya daɗe, a zauren Babana muka yi karatu da kai, allonka kusa da nawa, kuma a nan aka koya mana cewa rufa asirin Musulmi ibada ne. Ban tuna darasin da aka ce a rufa shi da jan fenti ba. Yanzu duk macen da ta doshi ƙofar nan ta yi shela da ƙafarta. Kafin ta cire takalmi, majalisa ta gama yanke hukuncin ko mijin ne ba ya cefane ko ita ce ba ta da haƙuri. Inna Kande ta tsaya a gaban allon ta sa aka karanta mata, ta juya ta dubi dakali ta ce, "Sannunku da aiki. Saura ku sa mai shela ya riƙa kiran suna."

Na uku, tebur da kujera mai juyawa. Na gode da karramawa. Na zauna a kai sau ɗaya, ta juya da ni na fuskanci bango, na ce ko ita ta san babu mai zuwa. Wa zai buɗe cikinsa ga mace tana bisa kujera, tebur a tsakani, ido cikin ido kamar an kawo ƙara? Tun da aka kafa allon nan, baƙin da na yi a ofis su ne kazar ladan da 'ya'yanta. Suna zuwa a kan lokaci, amma ba su faɗa mini matsalarsu ba.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Akwai wata. Ba zan ce yarinya ce ko babba ba, matar aure ko bazawara, kuma duk mai ƙoƙarin lissafa wace ce, Allah Ya ba shi aikin yi. Tun kaka take zuwa. Takan zauna can nesa, ta ɓare nata, ta tashi, ba ta cin ko ƙwaya. Ban matsa mata ba, don na san irin wannan shirun, ba a jan sa da ƙarfi. Kowace Laraba tabarmarta tana ɗan matsowa. Ranar da a labarin Inna Kande jakin ya shiga gidan tsohuwar budurwar har tsakar gida, na ga kafaɗar baiwar Allahn nan tana rawa don dariya, ta rufe baki da mayafi. Wallahi ranar da na koma gida sai da na yi sujadar godiya. Larabar da ta biyo baya ta ce wurinta da rana. Ta zauna gwiwarta tana taɓa tawa, ta daɗe tana juya gyaɗa ɗaya a hannu, sannan ta ce, "Malama, ni fa tun watannin baya nake ta tunanin in..." Sai ladan ya kira azahar, mata suka miƙe. Ta ce sai wani satin.

Wani satin allonka yana sama. Ina ciki na hango ta tafe da ƙwaryarta. Ta ɗaga kai, ta dubi jan rubutun, ta dubi dakali, ta miƙe hanya kamar rijiya za ta. Ba ta sake zuwa ba. In na bi ta gida, na ƙarasa abin da allon ya fara, don duk gidan da na shiga yanzu an san dalili. Na daɗe a aikin nan, Alhaji. Na ji jimloli da yawa da suka fara haka. Wasu da "in koma gidanmu" suke ƙarewa, wasu da "in fara sana'a." Wasu kuma da abin da ba na son rubutawa. Ban san wace iri ce tata ba, kuma rashin sanin nan ya hana ni sakewa.

Ban ce ka yi mugunta ba. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, kuma ita ce ta fi ba ni haushi, don mai mugunta ana iya kai ƙararsa, mai kyakkyawar niyya kuwa jira yake a gode masa.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar taro. A sauke allon nan. Ƙofar makewayin masallaci ta daɗe da ɓallewa, ga katako ya samu, a juya rubutun ciki. A fitar da tebur da kujera a kai wa makarantar Islamiyya, malamansu a tsaye suke duba aikin yara. A dawo mana da buhunan iri ɗakinmu da ɓawonsu. Sannan ka tsaya bayan sallar Juma'a ka ce ana neman mata su taimaka da ɓarar gyaɗar masallaci, shuka ta matso. Iyakar abin da za ka ce ke nan. Kada ka yabe ni, kada ka ambaci nasiha, kada ka ƙara ko kalma.

Na ba ka zuwa Juma'ar nan mai zuwa. Idan aka sallame ban ji sanarwar ba, to ranar Laraba za mu koma aiki ba da gyaɗarka ba. Mata sun riga sun yi alkawari, kowace za ta kawo ɗan abin da ta iya daga nata, a wannan shekarar da ɗan abin ma ba wasa ba ne. Wuri kuma mun samu. Uwargidanka, Hajiya Balaraba, ta ce tsakar gidanta a share yake, inuwa ta wadata, har ta sa an wanke randa. Ka san hukuncin gidan da matan mutane suke ciki. Daga hantsi zuwa azahar, duk Laraba har ruwa ya sauka, iyakarka zaure. In ka manta hularka a ɗaki, sai ka aika. In Inna Kande ta fara labarin jaki, kana iya saurare ta katanga, kyauta ne. Kuma kada ka tambayi Hajiya ko don gyaɗa ta gayyace mu ko don wani abu. Ba za ta faɗa ba, ni ma ba zan faɗa ba, kai kuma ba za ka taɓa sani ba. A ranar za ka fahimci abin da na kasa fahimtar da kai a takarda.

Ko a ɗakin masallaci ko a gidanka, ranar Laraba zan shimfiɗa tabarma, in bar wuri a gefen damata inda babu rana. Duk wadda ta bar magana a rabi, ta ɗauko ƙwaryarta ta zo. Gyaɗa kawai za mu ɓare.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya yi maka jagora a shugabancin nan, Ya ba ka kunnen da zai ji kafin hannu ya yi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sassauta wa talakawa, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Wassalam.

'Yar malaminka,
Hajara, ta ɗakin gyaɗa.