Kada Ka Harba Harsasan da Baba Ya Aiko Maka

Salmon, Idaho,
14 ga Satumba.

Zuwa ga Yaya Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Marlys da yara. Nan sanyi ya fara shigowa, an gama tara ciyawar shanu. Na yi ta kiranka, amma ka san dajin nan naku na Alaska waya ba ta shiga, shi ya sa na zauna rubutu.

Yaya, don girman Allah kada ka harba ko ɗaya cikin harsasan da Baba ya aiko maka. Ka san shekara arba'in yana ɗura nasa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yana auna albarushi a tsanake. Bana ya ce aikin na cinye masa lokaci, sai ya sayo injin da ke ɗura da yawa a jere. Ya dinga yi mana kuri wai aikin mako yanzu kafin kofinsa ya huce ya gama, har yana tsokanar mijina Orrin da cewa malalata ne ke sayen na kanti. Ranar Asabar Orrin ya fita gwada harsasan da injin ya ɗura. A harbi na uku bindigar ta tarwatse a hannunsa. Ya rasa yatsu biyu, idon dama kuwa likita ya ce sai an kwance bandeji za a sani. Maƙerin bindiga ya buɗe sauran, ya tarar wasu an cika musu albarushi fiye da kima, wasu kuma babu komai ciki.

Da na tambayi Baba su wa ya ba harsasan, sai ya kira ni da sunan Mama, ya tambaye ni ko yara sun dawo daga makaranta. Yaya, shekara shida ke nan da muka binne ta. Na kulle ɗakin aikinsa na ɓoye makullin. Kwana uku ina bin maƙwabta gida-gida ina karɓo akwatunan harsasan da ya raba musu, ban kuma san saura nawa ba. Duk ƙarar bindigar da na jiyo daga tsauni sai in ce ko cikin na Baba ne.

Ka gaida Marlys, da Corwin, da auta Ione. Orrin ma yana gaishe ka. A gidan waya sun ce sai Laraba jirgin wasiƙu zai tashi zuwa wajenku, ni kuwa na san tun Litinin ɗin da ta wuce kuka fara farauta.

Ƙanwarka,
Darlene