Ƙararrawar Hayaƙin da Ta Yi Shiru a Ɗakin Mai Jego

Zuwa ga Mai Girma Manajan Gidajen Ma'aikata na Gyadi-Gyadi, Kano.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali.

Ranar Talatar makon jiya, bayan Azahar kaɗan, katifa ta kama wuta a ɗakin yayata Hauwa, a gidan da kamfaninku ya ba mijinta, Malam Sule. Jego take yi. Ta zuba turaren wuta a kasko, barci ya ɗauke ta ita da jaririyarta, gefen zanin gado ya faɗa kan garwashin. Ƙararrawar hayaƙin da aka manna a silin lokacin gyaran wayoyin gidajen ko tari ba ta yi ba. Maƙwabciyarsu, Maman Ngozi, ita ta ji ƙauri ta katanga, ta shigo da bokitin ruwa tana ihu. Allah ya tsare rai, amma yarinyar har yau numfashinta bai daidaita ba.

Ni ƙanen Hauwa ne. Bana na gama karatun lantarki, ina zaune wurinsu kafin in tafi bautar ƙasa. Ban taɓa riƙe aiki ba, saboda haka abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Na ɗaya. Na zare fis, na buɗe makunnin ɗakin. Ba daga akwatin fis aka jawo wayar ƙararrawar ba, daga makunnin ƙwan fitila aka ɗauko ta. In ƙwai a kashe yake, ita ma a mace take, kuma ba ta da batir. Ranka ya daɗe, wa ke barin ƙwai a kunne da rana, ko lokacin barci?

Na biyu. Na kunna ƙwan, na kai hayaƙi ƙarƙashinta, ta yi ƙara. Na kashe, ta yi shiru. Na'urar lafiyarta ƙalau.

Na uku. Na sami ɗan kwangilar da ya yi gyaran wayoyin a shagonsa na Tarauni, bai yi mini musu ba. Ya ce a gidajen farko daidai ya haɗa, amma duk matar da ta yi turare sai ƙararrawa ta tayar da layi gaba ɗaya, mata suka hana shi sakat, wata har ta naɗe tata da tsumma. Shi ne ya mayar da sauran kan makunni, mai turare ta kashe abinta. Da na ce Hauwa ba wanda ya gaya mata, sai ya ce, "Ƙaramin injiniya, bari ka yi aure tukuna."

Ba na ganin laifin matan. Ba za a hana mai jego kasko ba. Malam Sule ya roƙe ni kada in rubuta, yana tsoron a karɓe gidan. Ina roƙo kada a hukunta shi, ba da yardarsa na yi ba.

Ina roƙon a ja wa kowace ƙararrawa layinta daga akwatin fis, a mayar da ita bakin ƙofa ta baranda maimakon saman gado, a kuma bi gida-gida a yi wa matan bayani da Hausa tun yau, kafin a fara aikin.

Ga abin da ban sani ba:

Gida nawa aka yi wa wannan haɗin.

Ko wani daga ofishinku ya duba aikin kafin a karɓa.

Abin da zai tashe mu in an ɗauke wuta, ko da an gyara haɗin.

Mata nawa ne a layin nan suke kwanciya da kasko, hankalinsu kwance, suna zaton abin da ke silin yana gadinsu.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya kare gidanka da namu daga gobara.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Nasiru, Gyadi-Gyadi.