Shayin da na ba uwarki

Na ba uwarki shayi da safe, ban jira ya huce ba. Ashe naman da likita ya ciro daga hannunta ya yi mata faci a baki, bayan aikin ciwon dajin, ba ya jin zafi. Ta shanye tas. Yanzu wurin ya yi fari, ya kumbura. Laifina ne, ba sai kin faɗa mini ba.

Mun tafi asibiti. Idan kin tashi ki biyo mu ki lallashe ta, ni ban iya ba. Na ce mata ƙila a sake ciro nama daga ɗaya hannun. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce, "A'a, Malam. Ba mai ƙara yanka ni."